Janar Ja-da-Baya

A Ɗorawar Maje, wani ƙauye da ke yamma da Shanono, babu sana'ar da aka iya kamar musu. Gonakin garin manne suke da juna, ba ka da inda za ka ajiye ƙafa ba ka taka shukar wani ba, kuma haka bakunan mutanen suke, ba sa barin fili. Da an sallame La'asar sai maza su hallara a gindin ɗorawar da ke gefen masallaci, inda Tasi'u mai shayi ya kafa teburinsa. A baje tabarmi, a ɗauko musun jiya daga inda aka ajiye shi. Musun kuwa guda ne ba ya canzawa: a cikin kwamandojin yaƙin Musulunci na farko, wa ya fi?

Abba ne uban tafiyar. Ɗan kasuwa ne, yana bin ƙauyuka yana sayen gero da wake yana kaiwa kasuwar Dawanau. A saman lodin buhuna, da waya manne a kunne, ya haddace yaƙoƙin nan kaf daga bakin masu wa'azi. Mutumin da ko zakara bai taɓa yankawa da hannunsa ba, amma in ya fara ba da labarin yaƙin Yarmuk sai ka rantse da shi aka yi.

"Halidu ɗan Walidu, Allah Ya ƙara masa yarda!" Haka yake farawa, yana dukan bencin Tasi'u har kofuna su yi tsalle. "Takobin Allah! Ku faɗa mini yaƙi ɗaya da aka ci shi. Ɗaya tak! Mutumin da takubba tara suka karye a hannunsa rana guda, shi za ku haɗa da wani?"

"Sannu, Abba, kar ka zubar mana da shayi," in ji Alhaji Madu. Shi dattijo ne, mahaifinsa daga Barno ya zo fataucin kanwa ya zauna, kuma ba ya ɗaga murya ko gobara ake. "Amru ɗan Asi fa? Da 'yan mutane kaɗan ya doshi Masar, ga ta nan har yau ana kiran salla a cikinta. Yaƙi ba ƙarfin damtse ba ne kawai, akwai kai."

Sai wani daga baya ya jefo Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya karya Farisawa a Ƙadisiyya alhali ciwo ya hana shi hawa doki, yana saman gini yana aika umarni.

"Ba na raina Sa'adu, Allah Ya tsare ni," Abba zai ce, yana kaɗa yatsa. "Amma kwamanda a gaban runduna aka san shi, ba a kan soro ba."

Can ƙarshen tabarma, inda inuwa take ƙarewa, akwai mutum guda da ba ya sa baki. Muntaka ke nan, tsohon maharbi, wanda shekara guda baya shi ne shugaban 'yan sa-kai na garin. Ya taɓa sa baki sau ɗaya, kuma har yau bai gama biyan kuɗin bakinsa ba.

Ga yadda aka yi. Bara da farkon damina ɓarayin daji suka zo da rana tsaka, suka kore shanun huɗar garin daga fadama, har da na Muntakan guda biyu. Ya tattara mutanensa suka bi sawu har Kwarin Gawo. Ya yi rub da ciki a bakin gaɓa ya leƙa, ya ga irin bindigogin da ke rataye a kafaɗun mutanen can. Ya waiwayo ya dubi na hannun mutanensa, harba-ka-ruga, wasu ma an ɗaɗɗaure su da roba. Sannan ya dubi fuskokinsu, babu wanda bai san uwarsa ba. Sai ya ce, "Mu koma." Ya dawo da kowa, ko ƙwarzane babu. Bai dawo da ko maraƙi ba.

Da farko "Allah Ya tsare gaba" aka riƙa cewa. Amma da ruwa ya zauna, aka sunkuya da garmar hannu, bayan mutane ya fara ciwo, sai magana ta fara fita ta ƙarƙashin tabarma. Rannan Abba yana cikin yabon Halidu ya yi wa Muntaka habaici, wai a da maza ke jan yaƙi. Shi kuwa ransa ya ɓaci, ya kasa haɗiyewa.

"Ai shi ma Halidun naka," ya ce, "a Mu'uta janye mutanensa ya yi da ya ga Rumawa sun fi ƙarfinsu. Ya dawo da su Madina da ransu, har aka riƙa watsa musu ƙasa ana cewa sun gudo, sai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kare su."

Gaskiya ya faɗa, a tafsirin azumi ya ji. To amma wa ya tambaye shi gaskiya? Abba ya miƙe zumbur ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Jama'a kun ji? Muntaka ya haɗa kansa da Takobin Allah!"

Shi ke nan, an gama da shi. Kafin Magariba an raɗa masa suna Janar Ja-da-Baya, kafin mako ya zagayo mata sun san sunan a bakin rijiya. Aka karɓe shugabancin 'yan sa-kai aka miƙa wa Abba, saboda yana da baki, yana da lambobin manya a wayarsa, kuma ya sayo wa kowa usur da tocilan daga birni. Tir! Garin da ya kamata ya yanka wa mutum rago, sai ya yanka masa suna.

Duk wannan Muntaka zai iya shanyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Naziru.

Naziru ɗansa ne na fari, kuma shi kaɗai ne namiji, sauran biyun mata ne, Zakiyya da Zulaihatu, duk suna ɗakunan mazajensu. Muntaka kuwa mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan nan da bakinsa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, a ɗakin kakarsa ya tashi. In zai kira shi sai ya ce "kai," in zai yi maganarsa sai ya ce "wancan." Matarsa Rahmatu ita ma "Yayansu" take cewa. Haka uban Muntaka ya yi masa, haka kakansa ya yi wa ubansa, kuma a wurinsu wannan shi ne mutunci. Amma Allah Ya sani, duk duniya babu abin da Muntaka yake so kamar ɗan nan. In Naziru ya yi tari a ɗakinsa, shi ne yake kasa cin tuwo.

Daminar bara su biyu suka huɗe gonarsu da hannu, kafaɗa da kafaɗa, daga safe har rana ta take. Naziru bai taɓa cewa uffan ba a kan shanu. Sai dai a majalisa ya ɗauke wurin zamansa daga kusa da ubansa, ya koma gefen Abba. Da kaka ta wuce ya bi Abba Dawanau, ya yi rani guda yana dakon buhuna har fatar kafaɗarsa ta yi kanta. Da bazara ta kusa sai ga shi ya shigo gari yana jan bijimai biyu, ɗaya ja ɗaya fari.

Ranar Muntaka ya zagaya su ya fi a ƙirga, yana duba haƙora, yana shafa tozo. Zuciyarsa kamar ta fashe don daɗi. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa shi ne, "Farin nan ƙafarsa ta baya ba ta yi mini ba."

"Yayansu ya yi ƙoƙari fa, Malam," Rahmatu ta ce masa da ta kawo masa ruwa.

"Uhm," in ji shi.

Tare suka huda musu hanci, tare suka koya musu karkiya. Huɗar shanu aikin mutum biyu ne, ɗaya a gaba riƙe da igiya yana nuna hanya, ɗaya a baya riƙe da garma. A gari irin wannan da gona ke jingine da gona, in na gaba ya yi sake sai ka tsinci kanka kana huɗa iyakar maƙwabci, a kwana ana shari'a. Naziru ne a gaba, Muntaka a baya. "Kai, ja hagu." "Kai, sassauta." Iyakar hirarsu ke nan, kuma a rayuwar Muntaka ba a taɓa yin hira mai daɗinta ba.

Ana cikin haka wata Laraba musu ya yi zafi a gindin ɗorawa. Alhaji Madu ya gaji da hayaniyar Abba, ya juya wurin Naziru don ya sauya iska.

"Kai ɗan Muntaka, kullum kana zaune kana ji. A wurinka wa ya fi?"

Naziru ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Bai dubi ƙarshen tabarma ba.

"Ni dai, Alhaji, wanda bai taɓa juya baya ba."

"Allahu Akbar!" Abba ya daka masa duka a kafaɗa. "Kun ji jini mai kyau!"

Aka yi dariya, wasu suna satar kallon Muntaka. Shi kuwa ya ɗaga kofinsa ya kurɓi shayin da ya riga ya huce. Maganar ta shige shi fiye da duk sunayen da aka raɗa masa, don wannan daga cikin gidansa ta fito.

Labari ya riga shi isa gida, kamar yadda aka saba. Rahmatu ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ka zaunar da Yayansu ka yi masa magana. Abba yana hura masa kunne. Ka faɗa masa abin da ka gani a kwarin nan, ka faɗa masa don wa ka juyo."

"In ce masa me? In zauna ina wanke kaina a gaban ɗan cikina?"

"To in ba ka faɗa ba, wa zai faɗa?"

"Zai gane da kansa," in ji Muntaka, ya shige ɗaki.

Ranar Juma'a ɓarayin suka dawo. Sun san garin sarai, sun san ba shi da masallacin Juma'a, maza duk sukan tafi garin da ke gaba. Ko da aka dawo daga salla sai aka tarar da mata a fadama suna kuka, turaku babu komai sai guntayen igiya. An kore shanun da aka yi shekara ana haɗawa, har da jan da farin.

Nan da nan gindin ɗorawa ya cika. Abba ya haye bencin Tasi'u, da usur a wuya.

"Bara an ja da baya, me aka samu? Sun raina mu! Sun mai da mu rumbunsu! Halidu da 'yan tsiraru ya tsaya gaban Rumawa, mu ne za mu tsaya muna kallon 'yan iska? Bana babu ja da baya!"

Aka yi kabbara har ganyen ɗorawa ya motsa. Samari suka ruga gida ɗauko makamai, babura suka fara ruri.

Muntaka ya kutsa tsakiya. Rabonsa da ɗaga murya a wurin nan shekara guda.

"Ku saurare ni, don Allah. Kwarin Gawo ƙofa ɗaya gare shi. Mutanen nan ba gudu suke ba, sun san za ku biyo. A sanar da hukuma, a jira."

"Janar ya fara!" wani ya yi ihu daga baya.

Ka ji fa, mutane suna cikin asara amma sai da suka sami sararin dariya. Muntaka ya ja jiki ya fita daga taron. A bakin zauren gidansa ya ga Rahmatu, ta yafa mayafi a karkace, ba ko takalmi. Matar da ba ta taɓa leƙowa waje in maza sun taru ba.

"Yayansu ya ɗauki bindigarka," ta ce. "Malam, ka hana shi. Ni ba zai ji tawa ba, kai ne ubansa. Kira shi kawai. Bai taɓa tsallake maganarka ba."

Wannan gaskiya ne, kuma Muntaka ya sani. Duk fushin Naziru, duk kunyar da yake ji da sunan Janar, ba a taɓa yin ranar da ubansa ya ce masa zauna ya tashi ba.

Muntaka ya koma gindin ɗorawa. Ga Naziru can a bayan babur ɗin abokinsa Zubair, bindigar ubansa a gicciye a cinya. Muntaka ya matsa har ya zama in ya miƙa hannu zai taɓa rigarsa. Sunan ya taso masa daga ciki, ya zo har maƙogwaro. Sai ya dubi gefe. Ga mahaifin Zubair tsaye ya harɗe hannu, bai ce wa nasa komai ba. Ga sauran iyaye, kowa ya daure fuska. Ga Abba a kan benci yana kallonsa, bakinsa a shirye. Yanzu a tsakiyar wannan taro, shi Muntaka, da furfurarsa, ya kama sunan ɗan fari ya ce sauko? A ce bayan tsoro kuma ya fito da son ɗa fili, ya zare nasa ya bar na mutane? Abin da ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba?

Naziru ya juyo ya dube shi. Ƙafarsa ɗaya tana ƙasa, bai ɗora ta a kan babur ba. Wallahi jira yake.

"Ku yaran nan," in ji Muntaka, yana kallon saman kawunansu, "ku dai yi hankali."

Naziru ya ɗan ƙara jira. Sannan ya ɗauke ƙafarsa daga ƙasa, Zubair ya ja babur.

Ba a kira La'asar ba aka fara jiyo ƙara daga yamma. Muntaka yana zaune a zaure, kunnensa ya san muryar kowace bindiga. Tasu ta gida takan yi gum sau ɗaya ta yi shiru, kafin a sake ɗura ta. Ta waɗancan kuwa kamar ana yaga sabon yadi, ba ta tsayawa. Ya ji tasu ta yi magana 'yan lokuta. Daga nan bai ƙara jin ta ba.

Kafin rana ta faɗi suka fara dawowa, wasu a ƙafa, wasu suna jan babur, wani ba hula wani ba takalmi. Shi Abba lafiya lau ya dawo, rigarsa ko ƙura. Ashe tun a hanya ya tsaya a kan tudun da ke bayan makabarta, inda ake samun sabis, wai daga nan zai riƙa ba da umarni ta waya. Mutum uku ba su dawo da ƙafarsu ba. Motar da ke kai wa Abba hatsi Dawanau ita aka tura ta kwaso su, a kan buhunan da babu komai a ciki. Akwai Zubair, akwai wani magidanci mai 'ya'ya huɗu, akwai Naziru. A ƙirji aka same shi. Mutane suka yi ta nanata wannan, a ƙirji ne ba a baya ba, kamar wani abin da za a ba uba ya ji sanyi.

Muntaka bai yi kuka ba. Ya tsaya aka yi salla, ya tsaya aka binne, ya karɓi hannun kowa. Aka yi ta yaba masa. "Kai, Muntaka akwai kawaici. Ɗan fari guda, ko hawaye!" Abin da ya kashe masa ɗa, shi ake yaba masa a bakin kabari.

Ranar Lahadi da sassafe Rahmatu ta fito za ta ɗebi ruwa, sai ta yi turus. Ga jan ga farin a bakin turkensu, suna tsintar ragowar harawa, igiyoyinsu suna ja a ƙasa, jikinsu duk ƙaya. Ƙarar bindiga ce ta tarwatsa garken a kwari, su kuwa suka yi ta yawo a daji har suka shinshino gida. Ba wanda ya ƙwato su, da ƙafarsu suka zo.

Ta zauna daɓas a ƙasa, tulun ya gangara gefe. Muntaka ya fito ya tsaya a bayanta.

"Su sun san hanyar gida," ta ce, ba ta waiwayo ba. Can ta ƙara da cewa, "Kalma ɗaya na roƙe ka, Malam. Ɗaya."

Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma bai taɓa daina jin ta ba.

A ranar aka yi sadakar uku. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Muntaka, aka yi addu'a, aka raba gumba. Mutane suka yi ta zuwa kallon shanun, ana cewa albarkar mamaci ce. Da zama ya yi tsawo, shiru ya ishi mutanen Ɗorawar Maje, sai aka fara 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Wani ya tambayi Abba yadda aka yi sauran suka tsira. Abba ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ai da na ji yadda wuta take tashi, na san an fi ƙarfinmu. Nan take na buga waya na ce a janye. Ba don haka ba da yanzu rabin garin nan ake wa zaman makoki. In kun duba, abin da Halidu ya yi a Mu'uta ke nan. Janyewa a kan lokaci ita ma nasara ce."

"Ƙwarai kuwa," in ji wani. "Hikima ke nan."

"Tsayawarka a tudu ma," wani ya karɓa, "ai haka Sa'adu ya yi a Ƙadisiyya."

Aka yi ta gyaɗa kai. Babu wanda ya miƙe, babu wanda ya dafe ƙirji, babu wanda ya ce Abba ya haɗa kansa da Takobin Allah. Maganar da ta rusa Muntaka ita ce yau ta zama rigar Abba, kuma ta zauna masa daidai. Alhaji Madu kaɗai ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

Abba ya ga wuri ya karɓe shi, sai ya matso kusa da mai makoki, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya.

"Baba Muntaka, sai haƙuri. Amma ka gode wa Allah, Naziru ya wanke gidanku. Daga yau babu mai ƙara ce maka Janar. Ni na ɗauki wannan alkawari."

Muntaka ya ɗago ya dube shi. Ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, har mahaifin Zubair da idanunsa suka kumbura.

"A'a, ku ci gaba da kira na," ya ce. "Ranar da na samo sunan nan, kowa a cikinku da ɗansa ya ci tuwo."

Wani ya yi tari. Liman ya yi sauri ya ce a yi Fatiha, aka shafa, aka fara neman takalma. Ko da La'asar ta yi, daga zaurensa Muntaka yana jiyo muryar Abba a gindin ɗorawa, an koma Yarmuk.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa mai yawa, irin wanda manomi ba ya bari ya wuce. Ƙasa ba ta san makoki ba. Gari ya waye kowa ya fita, masu garmar hannu suka sunkuya, don a duk Ɗorawar Maje yanzu Muntaka kaɗai ke da shanun huɗa. Wasu har suna cewa ya yi sa'a.

Ya ɗora wa jan da farin karkiya shi kaɗai, ya kora su gona. Ya ɗaura garma, ya naɗe igiyar ya ɗora a wuyan jan, ya koma baya ya kama mariƙi. Ya yi musu tsawa suka taka. Ba su yi nisa ba suka fara karkata, don ba a koya musu tafiya babu mutum a gabansu ba. Garma ta nufi iyakar maƙwabci, inda gero ya riga ya tsiro.

"Kai, ja hagu!" in ji Muntaka.

Bakinsa ne ya faɗa, tun kafin kansa ya tuna. Shanun suka tsaya cak. Igiya ta zame daga wuyan jan ta faɗi a cikin laka, a daidai inda ƙafafun mai ja suka saba tsayawa.

Muntaka ya tsaya riƙe da garma yana kallon igiyar. Gabas da shi mutane ne, yamma mutane, kudu da arewa mutane, kusa da kusa, ko numfashi ya ja za su ji. Duk garin yana nan, kamar ranar Juma'ar nan a gindin ɗorawa. Abin nan ya sake taso masa daga ciki ya zo maƙogwaro, a wannan karon bai dubi kowa ba.

"Naziru!"

Sunan ya fita baƙo a bakinsa, da ƙyar harshensa ya iya juya shi. Masu huɗa suka ɗago kai, suka ga wanda ya yi kiran, suka mayar da kai ƙasa da sauri.

"Naziru! Sauko, na ce! Naziru!"

Jan ya ɗaga kunne ya waiwaya wajen hanyar gari. Shi da farin suka ci gaba da tsayuwa a tsakiyar gona, suna jiran wanda zai zo ya ɗauki igiyar.